Tsarkin Itace da Kaifin Gatari: Matsayin Hikayoyin Hindu a Fafutukar Kare Dazuzzukan Indiya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi alaƙar da ke tsakanin abubuwa uku da aka saba ambatawa tare idan ana maganar muhallin ƙasar Indiya, wato itatuwan da mabiya addinin Hindu ke tsarkakewa, da hikayoyin allolin da suka ba itatuwan wannan daraja, da kuma gwagwarmayar talakawa ta hana saran dazuzzuka. An ɗauki misalai daga kisan Khejarli na 1730, da gwagwarmayar Chipko ta shekarun 1970, da kurmin alloli na ƙauyuka. Matsayar maƙalar ita ce, hikaya tana ba masu fafutuka harshen da jama'a ke ji, amma duk inda aka ga ta tsare daji, za a tarar a bayanta akwai mutanen da ke amfana da dajin, suna da doka a kansa, suna kuma da ikon hukunta wanda ya keta ta.

Gabatarwa

A shekarar 1967 wani masanin tarihi Ba'amurke mai suna Lynn White ya wallafa maƙala a mujallar Science, inda ya ɗora wani kaso na alhakin lalacewar muhalli a kan yadda Turai ta fahimci addininta. A ganinsa, tun daga lokacin da aka raba itace da ƙorama da dutse da ruhin da mutanen dauri suka yarda yana zaune a cikinsu, sai suka koma kayan amfani kawai, kowa na iya sarewa ko haƙawa ba tare da fargaba ba. An yi ta jayayya a kan wannan ra'ayi, amma ya sa masana da 'yan fafutuka da dama suka juya gabas suna neman al'ummar da ba ta yi wannan rabuwa ba. Indiya ce ta fi ɗaukar hankalinsu. Daga nan aka gina wata fahimta mai sauƙin haddacewa: mabiyin Hindu yana girmama itace, saboda haka ba ya sare shi, kuma duk wata gwagwarmayar kare daji a ƙasar reshe ce ta wannan imani.

Fahimtar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta daɗe. Wanda ya ratsa ƙauyukan arewacin Indiya zai ga itatuwa an naɗe su da jan zare, an shafa musu jan gari, an ajiye 'yar fitilar mai a gindinsu. Sai dai a wannan ƙasa ɗin ce kuma aka share dazuzzuka masu faɗi domin noma da layin dogo da masana'antu, kuma kogunan Ganga da Yamuna, waɗanda ake kira uwaye, sun yi suna wajen gurɓata. Abin bincike ke nan: a wane hali tsarkin itace ke hana gatari sauka, a wane hali kuma ba ya hanawa?

Itatuwan da hikayoyinsu

Mafi yawan itatuwan da ake magana a kansu ba baƙi ba ne ƙwarai ga mai karatu a ƙasar Hausa. Biyu mafiya daraja, pipal da vata, dangin cediya ne da durumi da gamji. Na uku kuwa darbejiya ce, wadda asalinta daga yankin Indiya aka kawo ta Afirka ta Yamma a zamanin mulkin mallaka.

Darajar pipal ta girmi littattafan Hindu kansu, domin an tono hatimai a kufan Mohenjo-daro, na wayewar kwarin Indus, masu ɗauke da siffar wani abin bauta tsaye tsakanin rassansa. A babi na 10 na Bhagavad Gita, lokacin da Krishna ke lissafa mafificin kowane jinsi na halitta a matsayin alamar kansa, wannan itace ya zaɓa daga cikin itatuwa. A babi na 15 kuma an kwatanta duniya baki ɗaya da shi, amma a kife, saiwoyi a sama rassa a ƙasa. A gindin irinsa ne aka ce Buddha ya sami wayewa a Bodh Gaya, don haka addinai biyu ne suka haɗu a inuwarsa. Ganyen bilva mai kunne uku na Shiva ne, da shi ake yi masa baiko. Tulsi, 'yar uwar ɗoɗɗoya, matar Vishnu ce a hikaya, har akan ɗaura musu aure kowace shekara a watan Kartik. Darbejiya kuwa mazaunin Shitala ce, abar bautar da ake dangantawa da cutar agana da warakarta. David Haberman, wanda ya yi nazarin bautar itatuwa a birnin Varanasi a littafinsa na 2013, ya bayyana yadda ake manna wa darbejiya fuskar ƙarfe, a sa mata tufafi, domin mai ibada ya sami idon da zai kalla.

Hikayoyi biyu daga Mahabharata sun cancanci a tsaya a kansu, domin su ne suka fi shiga harshen 'yan fafutuka. Ta farko ta Savitri ce, 'yar sarkin da ta zaɓi Satyavan ya zama mijinta alhali an gaya mata saura masa shekara guda a duniya. Da ranar ta zo sai ta bi shi daji, ya faɗi a cinyarta, Yama mai ɗaukar rai ya zo ya tafi da ransa. Ta bi Yama tana yi masa magana mai hikima har ya yi mata alkawarin 'ya'ya, daga baya ya ga alkawarin ba zai cika ba sai ya mayar mata da mijinta. Al'ada ta ɗora faruwar wannan a gindin vata, shi ya sa a watan Jyeshtha, wajen Mayu zuwa Yuni, matan aure ke azumi su kewaye itacen suna naɗa masa zaren auduga, suna roƙa wa mazajensu tsawon rai. Akwai wani abu a hikayar da ba a cika ambata ba: saran itace Satyavan ya je yi a dajin ranar da ya mutu, kuma hikayar ba ta ga laifinsa ba. A manyan birane irin su Mumbai da Pune ma, inda zuwa gindin itacen ke da wuya, akan sari rassansa a kai kasuwa ranar bikin domin mata su saya su yi ibadar a gida.

Ta biyu ta itacen shami ce. 'Yan uwa biyar da ake kira Pandava, bayan sun yi shekara 12 a daji, sharaɗi ya wajabta musu su yi shekara ta 13 a ɓoye. Kafin su shiga birnin sarki Virata sai suka naɗe makamansu suka ɓoye a kan wani shami kusa da maƙona gawa, suka kuma rataya gawa a jikinsa don kada kowa ya kusanto. Bayan shekara suka dawo suka tarar da kayansu lafiya. Saboda haka ake girmama shami ranar bikin Vijayadashami. Tun a cikin hikayar, abin da ya tsare itacen daga hannun mutane tsoro ne, kuma za a sake cin karo da wannan tsoro a kurmin ƙauyuka.

Ban da hikaya akwai doka. Littafin mulki na Arthashastra ya yanka tara ga wanda ya sari toho ko reshe ko gangar itace, ya kuma ninka ta idan itacen na wurin bauta ne ko na kan iyaka. Amma littafin nan dai shi ne ya tsara wa sarki yadda zai keɓe dajin giwaye domin yaƙi da dajin katako domin baitulmali.

Khejarli, 1730

Shamin da Pandava suka ɓoye makamai a kansa shi ne mutanen Rajastan ke kira khejri. Masana tsirrai sun daɗe suna lissafa shi a jinsi ɗaya da kirya, amma aikinsa a gona ya fi kama da na gawo. Saiwarsa tana nitsawa ƙasa sosai, ba ya ƙwace wa gero danshi, yana ƙara wa ƙasa taki, ganyensa abincin raƙuma da awaki ne a lokacin da babu ciyawa, 'ya'yansa kuma, waɗanda ake kira sangri, mutane na dafawa. A hamadar Thar, manomin da ya sare khejri ya sare rumbun da zai buɗe ranar fari.

A wannan yanki aka haifi Guru Jambheshwar a 1451, a ƙauyen Pipasar. A 1485 ya kafa wata ɗariƙa ta masu bauta wa Vishnu, ya shimfiɗa mata ƙa'idoji 29, daga nan sunan Bishnoi ya samo asali, wato ashirin da tara. Cikin ƙa'idojin akwai haramcin saran ɗanyen itace, da tausaya wa duk mai rai, da tace ruwa kafin sha, da duba itacen wuta kafin a sa a murhu don kada a ƙone ƙwari. 'Yan Bishnoi kuma binne mamatansu suke yi, saɓanin mafi yawan mabiya Hindu da ke ƙonawa, kuma ƙona gawa ɗaya yana cin ɗaruruwan kilo na itace.

A 1730 sarkin Marwar, Abhai Singh, ya buƙaci itacen da za a toya farar ƙasar gini domin aikin fada, sai aka tura ma'aikata ƙauyen Khejarli, kudu maso gabas da Jodhpur. Bisa riwayar da 'yan Bishnoi suka adana, wata mata mai suna Amrita Devi ta rungume itace ta ƙi saki, aka sare ta tare da shi. 'Ya'yanta mata uku suka bi sahunta. Labari ya bazu, mutane suka yi ta zuwa daga ƙauyukan kewaye, har adadin waɗanda aka kashe ya kai 363. Riwayar ta ci gaba da cewa sarkin ya dakatar da aikin, ya kuma ba da umarnin hana saran itace da farauta a ƙauyukan Bishnoi. A yau gwamnatin Indiya tana da lambar yabo da sunan Amrita Devi, kuma a 2013 ta ware 11 ga Satumba a matsayin ranar tunawa da waɗanda suka rasa rayukansu wajen kare daji.

Ba a samun misalin da ya fi wannan ƙarfi wajen nuna imani yana tsare itace. Amma idan aka duba da kyau, hikayar Pandava ba ta da wani babban matsayi a cikinsa. Maƙwabtan 'yan Bishnoi ma sun san hikayar, suna kuma bikin Vijayadashami, haka ma ma'aikatan sarkin da suka ɗaga gatura. Abin da ya bambanta 'yan Bishnoi shi ne an mayar musu da girmamawar doka bayyananniya, wadda mutum ke zama ɗan jama'a da kiyaye ta, yake kuma fita daga jama'a da karya ta. Dokar ta faɗa a kan itacen da rayuwarsu ta rataya a kansa. Kuma har yanzu tana da haƙora. A 1998, lokacin da ake ɗaukar wani fim kusa da Jodhpur, 'yan Bishnoi na ƙauyen Kankani ne suka kai ƙarar Salman Khan, jarumin da masu kallon finafinan Indiya a Kano suka sani sarai, bisa zargin harbe baƙar barewa guda biyu. Sun bi shari'ar shekara 20, har wata kotu a Jodhpur ta yanke masa ɗaurin shekara biyar a 2018, ya ɗaukaka ƙara aka ba da belinsa.

Chipko: tsakanin karkiya da zaren rakhi

An saba cewa Chipko jikanyar Khejarli ce. Marubuta ne da 'yan fafutuka suka ƙulla wannan nasaba daga baya. Tushen Chipko yana cikin duwatsun Himalaya na Garhwal da Kumaon, ɗaruruwan kilomita daga hamadar Thar, kuma Ramachandra Guha, a littafinsa na 1989, The Unquiet Woods, ya bi sawunsa zuwa rigimar manoma da hukuma a kan mallakar daji. Turawan Ingila sun kafa sashen gandun daji a 1864 ƙarƙashin Bajamushe Dietrich Brandis, kuma dokar 1878 ta mayar da dazuzzuka masu yawa mallakar gwamnati, kiwo da ɗiban itace suka koma alfarmar da ake iya janyewa. A 1921 mutanen Kumaon suka cinna wa gandun dajin gwamnati wuta. A 1930 dakarun masarautar Tehri suka buɗe wuta a kan manoman da suka taru a Tilari suna ƙin dokokin daji. Mutanen da suka ƙone dajin a 1921 mabiya Hindu ne, iyaye da kakannin waɗanda za su tsare shi bayan shekara 50. Imaninsu bai sauya ba a tsakani. Abin da suke dubawa a kowane lokaci shi ne dajin na wane ne.

Ambaliyar kogin Alaknanda ta Yulin 1970 ta tafi da gadoji da hanyoyi da rayuka, mutanen yankin kuma suka lura ɓarnar ta fi muni a ƙarƙashin gangaren da aka aske. A farkon 1973 wata ƙungiyar gama kai ta garin Gopeshwar, wadda Chandi Prasad Bhatt ke jagoranta, ta nemi izinin sarar 'yan itatuwan angu domin sassaƙa karkiya da kayan noma. Sashen gandun daji ya hana, sannan ya ba wani kamfanin kayan wasanni na Allahabad itatuwan angu a dajin Mandal da ke kusa. A watan Afrilu mutanen suka fito da ganguna suka ce za su manne a jikin itatuwan, ma'anar kalmar chipko ke nan, ma'aikatan kamfanin suka koma hannu rabbana. Wato buƙatar farko ta Chipko ita ce a bar 'yan ƙasa su sari itacen da kansu.

Ranar 26 ga Maris 1974 aka yi abin da ya fi shahara. An yi gwanjon itatuwa kusan 2,500 a dajin Reni. An kira mazan ƙauyen zuwa Chamoli karɓar diyyar filayen da soja suka karɓe bayan yaƙin Indiya da Sin na 1962, sai masu saran suka shiga dajin a ranar. Gaura Devi, shugabar ƙungiyar matan ƙauyen, ta tara mata 27 suka bi su, suka tsaya tsakaninsu da itatuwan har suka janye. Hujjar da aka ruwaito ta kafa musu ita ce dajin gidan iyayensu ne, wurin da mace ke komawa idan duniya ta yi mata zafi. Wannan harshen zumunta ne da na ciyawa da itacen girki da saiwar magani. Gwamnatin jihar Uttar Pradesh ta kafa kwamiti, daga bisani aka hana saran kasuwanci a yankin na shekara 10.

A ɓangaren Tehri ne addini ya fito fili, ƙarƙashin Sunderlal Bahuguna, almajirin tafarkin Gandhi. A ƙarshen 1977 matan Advani, a kwarin Henwal, suka ɗaura wa itatuwan da aka yi wa alamar sara zaren rakhi, aka kuma yi kwanaki ana karatun littattafan addini a cikin dajin. Rakhi zare ne da mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta a wuyan hannu ranar bikin Raksha Bandhan, shi kuma ya ɗauki nauyin kare ta. Da aka ɗaura shi a jikin itace sai ma'anar ta tafi ta fuska biyu: itacen ɗan'uwa ne mai kare ƙauye daga zaftarewar ƙasa, matan kuma sun yi rantsuwar kare shi. Dabarar tana da wani amfani na zahiri. Mai gatarin da ɗan kwangila ya ɗauko shi ma yana da 'yar'uwa, shi ma an taɓa ɗaura masa zaren, kuma ɗan sandan da zai tarwatsa taron karatun addini ya san yadda jama'a za su kalle shi.

Bahuguna da abokansa sun kuma yi wa hikayar saukowar Ganga sabuwar fassara. A hikayar, sarki Bhagiratha ya yi doguwar ibada domin kogin ya sauko daga sama ya wanke tokar kakanninsa, 'ya'yan Sagara su 60,000. Ƙarfin faɗowar ruwan zai farfasa ƙasa, sai Shiva ya tara kansa, ruwan ya shige cikin sumarsa ya riƙa tsiyayowa a hankali. 'Yan fafutuka suka ce sumar Shiva ita ce dajin Himalaya, wanda ke tare ruwan damina ya sake shi sannu a hankali, wanda ya aske ta kuwa ya gayyato ambaliya. Tsofaffin littattafan ba su faɗi haka ba. Amma fassarar ta isar wa manomi, cikin jimla biyu, abin da masanin ruwa zai cika rahoto a kansa, kuma manomin ya riga ya gani da idonsa a 1970.

A farkon shekarun 1980 gwamnatin Indira Gandhi ta sa aka hana saran ɗanyen itace na shekara 15 a tsaunukan Uttar Pradesh da suka haura mita 1,000. Bahuguna ya yi tattaki na kusan kilomita 5,000 daga Kashmir zuwa Kohima tsakanin 1981 da 1983. A jihar Karnataka aka sami irin wannan yunƙuri mai suna Appiko a 1983. Chipko ta sami lambar yabo ta Right Livelihood a 1987, shekara guda bayan haka kuma Vandana Shiva ta gabatar da ita ga duniya a matsayin farfaɗowar tsohuwar alaƙar mace da halitta a tunanin Hindu. Wannan hoto shi ne ya shiga littattafan makaranta.

Mutanen duwatsun sun ga wani ɓangaren. Dokar kiyaye daji ta 1980 ta mayar da izinin amfani da filin daji hannun gwamnatin tarayya a Delhi, har hanya ko bututun ruwan ƙauye sai ya jira sa hannu daga can. A 1982 aka ayyana kewayen dutsen Nanda Devi, wanda shi kansa sunan abar bauta yake ɗauke da shi, a matsayin gandun ƙasa, aka rufe wa mutanen Reni da Lata wuraren kiwonsu da na tonon magani. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A ƙarshen shekarun 1980 har aka yi yunƙurin saran itatuwa da gangan domin nuna ƙin dokar a yankin da ya haifi Chipko. Haripriya Rangan, a littafinta na 2000, ta yi hujja da cewa Chipko ɗin da duniya ta sani ita kanta ta zama hikaya, wadda ta rufe ainihin kukan mutanen na neman aiki da iko a kan albarkatunsu. A shekarar ce aka yanke jihar Uttarakhand daga Uttar Pradesh.

Dajin Khandava

Masu neman koren addini a Mahabharata sukan tsallake wani babi a littafinta na farko. Agni, abin bautar wuta, ya zo wa Krishna da Arjuna yana neman su taimaka masa ya cinye dajin Khandava, wanda Indra ke karewa da ruwan sama. Suka amince. Arjuna ya tare ruwan da kibau, su biyun suka riƙa kewaya dajin a kan kekunan yaƙi suna kashe duk dabbar da ta nemi tsira ko su mayar da ita cikin wutar. Ƙalilan ne suka kuɓuta, cikinsu akwai wasu 'yan tsuntsaye huɗu, da macijin Ashvasena, da magini Maya, wanda ya gina wa Pandava zauren fadarsu a Indraprastha domin godiya. Madhav Gadgil da Guha, a aikinsu na 1992, sun karanta wannan a matsayin tunawa da yadda manoma suka share dazuzzukan kwarin Ganga da Yamuna, suka kori mazaunansu. Krishnan da ya kira kansa pipal shi ne kuma ya taya ƙone Khandava. Taskar hikaya mai faɗin wannan tana da abin da kowa zai ɗauka, kuma ɗan fafutuka zaɓe yake yi, kamar yadda ɗan kwangila ma zai iya yi.

Wani lokaci tsarkin shi ke jawo gatarin. A haikalin Jagannath na Puri, idan lokacin sabunta gumakan ya zo, kamar yadda aka yi a 1996 da 2015, akan fita neman darbejiyoyi masu wasu alamomi na musamman, a sare su da addu'o'i a sassaƙa sababbi. Wannan ƙaramin abu ne idan aka gwada shi da aikin faɗaɗa hanyoyin ziyarar wuraren ibada huɗu na Uttarakhand, mai tsawon kusan kilomita 900, wanda aka ƙaddamar a Disambar 2016, ya ci dubun dubatar itatuwa a gangaren da matan Chipko suka tsare. Kelly Alley, a nazarinta na 2002 a kan Ganga, ta nuna cewa masu ibada da yawa sun bambanta tsarki da tsafta: kogin na iya ƙazanta a ido, amma tsarkinsa ba ya raguwa, hasali ma shi ke wanke ƙazantar. Wanda ya yarda da haka ba lallai ya ga gaggawar gyara ba. Madatsar ruwan Tehri, mai tsayin mita 260 a kan kogin Bhagirathi, an kammala ta a 2006 duk da yajin cin abincin da Bahuguna ya sha yi na makonni. A 7 ga Fabrairun 2021 kuma ambaliyar ƙanƙara da duwatsu ta sauko ta kwarin Rishiganga, a ƙarƙashin ƙauyen Reni, ta rushe tashar lantarkin da aka gina a wurin, mutane kimanin 200 suka mutu ko suka ɓace.

Akwai kuma batun siyasa da ajin haihuwa. Mukul Sharma ya nuna a littattafansa na 2012 da 2017 yadda harshen tsarkin ƙasa da kogi ke saurin zamewa ya zama harshen kishin addini, da kuma yadda 'yan Dalit, waɗanda tsarin asali ya ajiye a ƙasan kowa, ba sa jin daɗin kirarin da ake yi wa tsohon ƙauye. A ƙauyen nan ne aka hana kakanninsu rijiya da inuwar haikali.

Kurmin alloli da kotu

Tsarkin pipal ko vata yana kare itace ɗaya ne a bakin hanya, ba ya yin daji. Abin da ya fi kusa da kiyaye muhalli a ma'anar yau shi ne kurmin da ƙauye ya keɓe wa wani abin bauta, wanda ake kira devrai a Maharashtra, kavu a Kerala, devarakadu a Kodagu, oran a Rajastan. Gadgil da V. D. Vartak sun yi nazarin irin waɗannan a tsaunukan yammacin Indiya a tsakiyar shekarun 1970, suka tarar da tsirran da suka ƙare a kewaye suna nan a cikinsu, da maɓuɓɓugan da ba sa ƙafewa. Masu kurmin galibi ba manyan allolin littattafai ba ne. Alloli ne na ƙauye, da yawansu mata, masu saurin fushi, sau da yawa ba su da ko gunki sai dutse shafe da jan gari. Mutane suna da labaran wanda ya ɗebi itace ya makance, kuma dattawan ƙauye suna yanka tara. Masu bincike sun sha lura da cewa idan aka ɗaga darajar abin bautar, aka haɗa shi da Shiva ko Durga, aka gina masa haikalin siminti, sai tsarkin ya tattara a cikin ginin, kurmin ya koma filin ajiye motocin masu ziyara.

Inda imani ya yi nasara a kwanan nan, doka ce ta ba shi ƙafa. A tsaunukan Niyamgiri na jihar Odisha, ƙabilar Dongria Kondh, wadda addininta na gargajiya ne ba na littattafan Hindu ba, ta ƙi a haƙi ma'adinin sanholo a dutsen abin bautarta, Niyam Raja. A Afrilun 2013 Kotun Ƙoli, bisa dokar haƙƙin mazauna daji ta 2006, ta ce tarukan ƙauyuka ne za su yanke hukunci. Ƙauyuka 12 aka tambaya, duka suka ce a'a, aikin ya tsaya.

A Rajastan kuwa sabon mai neman filin ba sarki ba ne mai toya farar ƙasa. Kamfanonin lantarkin hasken rana ne, waɗanda su ma da sunan ceton muhalli suka zo. Oran da yawa ba a taɓa rubuta su a matsayin daji ba, a kundin gwamnati filin banza ne, ana iya ba da su haya. 'Yan Bishnoi sun yi zaman dirshan a yankin Bikaner a kan khejrin da ake tumɓukewa domin kafa allunan sola, makiyayan Jaisalmer kuma sun yi tattaki suna neman a yi wa oran ɗinsu rajista. A Disambar 2024 Kotun Ƙoli ta umarci gwamnatin jihar ta auna kurmin alloli a ƙasa da kuma ta tauraron ɗan'adam, ta shigar da su cikin jerin dazuzzuka ko da ƙanana ne. Sashen gandun daji aka ɗora wa aikin awon, wato magajin hukumar da Brandis ya kafa a 1864, kuma tun daga lokacin wasu masu kare haƙƙin ƙauyuka suka fara tambayar ko makiyayin da kakanninsa suka tsare oran zai ci gaba da shiga da raƙumansa bayan an rubuta shi a matsayin daji.